Kafin Ka Karɓi Kuɗin Data, Yi Wa Ɗan Takara Wannan Tambayar



Duk wanda ke karanta wannan rubutu da kuɗinsa ya shigo. Wani ya sayi datar kwana ɗaya, wani ta mako, wani kuma ƙanensa ne ya jona masa daga wayarsa na minti goma. Da wannan datar muke kare tafiyarmu, da ita muke mayar wa abokan hamayya martani, da ita muke yaɗa hotunan taro har tsakar dare. Amma ka ɗauki takardun alƙawuran da 'yan takarar gwamna da na majalisar jiha ke rabawa lokacin zaɓe, da wuya ka ga layi biyu a kan yadda intanet mai ƙarfi zai shigo gidajenmu da araha. Mu da muke kwana a waya ma ba mu taɓa matsa musu a kai ba.

Bari in faɗi matsayata tun daga farko. Abin da ke damun mu a Arewa a harkar intanet ɗin gida shi ne rashin zaɓi. Inda babu zaɓi, mai saye ba shi da baki. Kuma babban kaso na maganin wannan matsala yana hannun gwamna da 'yan majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma, wato mutanen da mu ne muke tallata su kyauta a shafukanmu. Saboda haka maganar ta shafi tafiyarmu kai tsaye.

Idan na ce intanet ɗin gida, ina nufin wanda ake jawo wa gida ko shago a biya kuɗin wata, kowa a gidan ya jona, mai waya da mai kwamfuta da mai talabijin, ba tare da ana duba sauran megabayit nawa duk bayan minti biyar ba. Hanyoyinsa uku ne a yau. Akwai igiyar faiba da ake binnewa a ƙasa ko a rataya a turaku har cikin gida, ita ce mafi ƙarfi kuma mafi tsayawa. Akwai rauta mai sim a ciki, wadda ke ɗaukar sabis daga turken kamfanin waya. Sai kuma na tauraron ɗan'adam, wanda ake kafa wa faranti a saman rufi. A yawancin garuruwanmu, ta tsakiyar ce kawai ke akwai, ita ma ɗin kamfanin da sabis ɗinsa ya iso unguwarka shi ne naka, kana so ko ba ka so.

Matasanmu da aka haifa bayan 2000 ba su san zamanin NITEL ba, don haka a ba su labari. A lokacin kamfani ɗaya ne tal, na gwamnati, kuma layukan wayar ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Samun waya a gida sai mai hanya, sai an bi layi an yi ta zarya. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi a kan dala miliyan 285. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar. An ji daɗi, amma sim kaɗai sai ka ajiye sama da naira dubu goma, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya. Ka yi sallama ka kashe bayan sakan biyar, an cire maka kuɗin minti cif. Jama'a suka yi ta kuka a koma lissafin sakan, aka ce ba zai yiwu ba tukuna.

A watan Agustan 2003 Glo ya shigo da lissafin sakan tun ranar farko. Ba a jima ba waɗanda suka ce ba zai yiwu ba suka gano ashe zai yiwu. Farashin sim ya yi ta faɗuwa har ya kai ana tare mutum a bakin titi ana roƙonsa ya karɓa. A 2013 kuma aka ba da damar mutum ya bar kamfani ya koma wani da lambarsa. Kukan shekara biyu bai sauya komai ba, zuwan abokin gasa guda ɗaya ya sauya. Duk wanda ya taɓa ciniki a Kantin Kwari ya san wannan. Idan mai shago ya ce maka albarka, ka taka zuwa shagon gaba, shi da kansa zai kira ka ka dawo. A ƙauyen da mota ɗaya ce ke fita ranar kasuwa kuwa, direba shi ne sarki, abin da ya yanka shi za a biya, kuma a zauna yadda ya ce.

To yau a harkar intanet ɗin gida, mu ne 'yan ƙauyen mota ɗaya. A ɓangaren waya, MTN na riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar nan, Airtel na da kusan kashi ɗaya cikin uku, Glo da kamfani na huɗu suna raba ɗan abin da ya rage. Ka ga kenan kamfanoni huɗu a takarda, biyu a aikace. Kamfanonin da sana'arsu ita ce kai intanet gida zalla, irin su Spectranet da FiberOne da ipNX, galibin masu hulɗa da su suna Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan. Idan aka haɗa duk masu biyan irin waɗannan kamfanoni, ban da masu rautar kamfanonin waya, ba su kai rabin miliyan ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Wato inda wayar tarho take a ƙarshen zamanin NITEL, kusan nan intanet ɗin gida yake a yau. Inda faiba ta fara shiga a manyan biranenmu ma, unguwannin masu hali da na ofisoshi ta fi bi. Mutumin Gumel ko Funtuwa ko Azare ko Argungu, sai dai ya ɗaga rauta sama a bakin taga yana neman sanda uku.

A watan Janairun 2025 NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, bayan su sun nemi a ninka. An yi ta surutu a shafukan nan, ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar zanga-zanga. Amma bayan an gama surutun, wa ya bar kamfaninsa ya koma wani mai sauƙi? Ina za ka? Duk tare suka ƙara, kuma a unguwanni da yawa ɗaya ne ma ke da sabis ɗin kirki. Fushin da ba shi da ƙofar fita ba ya tsorata ɗan kasuwa.

Na san wasu za su ce ai ga Starlink nan. Gaskiya ne, Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da Starlink ya fara aiki, a farkon 2023, kuma kafin ƙarshen 2024 ya zama na biyu a yawan masu biya cikin kamfanonin intanet zalla. Wannan kaɗai ya nuna irin ƙishin da ake ciki. Ya kuma taimaki asibitoci da makarantu da 'yan kasuwa a wuraren da igiya ba za ta je ba nan kusa. Amma mu duba kuɗin. A watan Oktoban 2024 kamfanin ya sanar da ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, na kayan kafawa kuma daga 440,000 zuwa 590,000. NCC ta ce ba a nemi amincewarta ba, kamfanin ya dakatar da ƙarin, daga baya dai farashin ya tashi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024. Kenan kayan kafawa kaɗai sun fi albashin wata takwas na ƙaramin ma'aikaci. A ƙarshen 2024 ma sai da kamfanin ya daina karɓar sababbin mutane na wani lokaci a birane irin su Legas da Abuja saboda cunkoso. Zaɓi ne, amma na wanda ya riga ya ƙoshi.

Duk da haka akwai darasi a zuwansa, kuma a Kenya ya fi fitowa fili. Starlink ya shiga can a 2023. Safaricom, wanda shi ne babba a kasuwar, ya rubuta wa hukumar sadarwarsu yana neman a tilasta wa masu tauraron ɗan'adam su bi ta hannun kamfanonin cikin gida. Da ya ga mutane na ta sayen farantin, a watan Satumban 2024 sai ya ƙara wa masu faibarsa gudun intanet ba tare da ƙarin kuɗi ba. Mutumin Nairobi da bai taɓa ganin farantin Starlink ba ya ci ribar zuwansa. Amma ya ci ne don da ma akwai faiba a unguwarsa, akwai wanda zai ji tsoron rasa shi. Mu nan, a mafi yawan garuruwanmu, babu faibar da za a ƙara wa gudu.

Me ya hana kamfanoni zuwa? Intanet ɗin ƙasar nan ta ƙarƙashin teku yake shigowa. MainOne da Glo-1 sun iso a 2010, WACS a 2012, Equiano na Google a 2022, kuma kusan duk a gaɓar Legas suka sauka. Daga can zuwa Kano kusan kilomita dubu ne, Maiduguri ta fi haka nisa sosai. Masu harkar sun daɗe suna kokawa cewa kawo intanet daga Landan zuwa Legas ya fi musu sauƙi a kan ɗauko shi daga Legas zuwa cikin ƙasa. Dalili kuwa, duk mitar ƙasa da igiya za ta ratsa, akwai wanda ke miƙo hannu.

Ana kiran wannan kuɗin izinin ratsa hanya, kuma jihohi ne ke karɓa a hanyoyinsu. An yi yarjejeniya a matakin ƙasa cewa kada ya wuce naira 145 a kowace mita, gwamnoni suka sake jaddada amincewa a farkon 2020. Kafin nan wasu jihohin dubbai suke karɓa. Ekiti, alal misali, daga naira 4,500 ta sauko zuwa 145 a 2020. Mu yi lissafi. A kan 145, kilomita ɗaya naira 145,000 ne. A kan 4,500 kuwa, naira miliyan huɗu da rabi ne, tun kafin a sayi igiya, kafin a biya masu haƙa ko sisi. Babban kamfani zai iya cijewa ya biya a unguwar da yake da tabbacin riba. Ƙaramin kamfani, irin wanda matashin Zariya ko Bauchi zai iya kafawa da abokansa, a nan yake mutuwa tun bai haihu ba. Saboda haka tsadar izini kariya ce ga manyan da suka riga suka shigo. Kaduna ta sanar da yafe kuɗin baki ɗaya a 2020, wasu jihohin suka biyo baya. Sai dai sanarwa daban, abin da ɗan kwangila ke tararwa a bakin aiki daban: hukumar tsara birni da nata, ƙaramar hukuma da nata, ga masu tare hanya su ce sai an ga nasu.

Gwamnatin tarayya ta yi ta tsare-tsare. NCC ta raba ƙasar shiyya bakwai ta ba wasu kamfanoni lasisin shimfiɗa faiba su riƙa sayar wa kowa, da burin a kai ga ƙananan hukumomi 774, shirin bai kai inda aka nufa ba. A 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, aka ƙaddamar da tsarin shekara biyar mai burin kashi 70 cikin ɗari na samun intanet mai ƙarfi kafin ƙarshen 2025, da gudun megabit 25 a birni da 10 a karkara, da gigabayit ɗaya a kan abin da bai wuce naira 390 ba. An tsaya a wajen rabi, shi ma kusan duk na waya ne. Yanzu ma'aikatar Minista Bosun Tijani na maganar shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a kan kusan 35,000 da ake da su. Allah Ya sa a yi. Amma wannan babbar hanya ce tsakanin garuruwa. Daga bakin gari zuwa ƙofar gidanka, ta titin jiha da lungun ƙaramar hukuma za a bi. Jihar da ta gyara dokokinta ita kamfanoni za su fara shiga. Wadda ta zauna jiran Abuja, igiya za ta wuce ta bakin garinta kamar yadda manyan wayoyin lantarki ke wucewa ta saman ƙauyen da ba shi da wuta.

Akwai kuma ɓarnar da muke yi wa kanmu. Duk lokacin da aka ba da kwangilar titi ko magudanar ruwa, katafila ta shigo ta tsinke igiyar da aka binne, gari ya kwana babu sabis, masu POS su zauna zugum, tiransifa ta maƙale. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Amma ɗan kwangilar titin jiha, kwamishinan ayyuka yake jin tsoro. Idan kwamishinan bai sa sharaɗi a takardar kwangila ba, umarnin Abuja ba zai tsayar da katafila ba. A garin da kamfani ɗaya ne ke da igiya ɗaya, tsinkewa ɗaya ta isa ta rufe kowa. Mutanen Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, waɗanda aka rufe wa sadarwa a 2021 saboda matsalar tsaro, sun san yadda kasuwa da zumunci ke tsayawa cak idan sabis ya ɗauke.

Na san abin da wasu daga cikin manyanmu za su ce, don sun saba faɗa: talaka na neman abin da zai ci, ku kuna maganar intanet. Ina girmama su, amma su leƙa gidajensu. Matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp daga cikin ɗakinta, da me take neman abincin? Yaron da zai rubuta JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, a ina zai saba da ita? Masu gyaran waya a Farm Centre da ke sauko da manhaja kullum, masu shirya finafinai masu dogon zango da ke ɗora su a YouTube, dillalan hatsi a Dawanau da ke tura hoto da farashi zuwa Kudu, malaman da ke karantarwa ta murya a zaurukan WhatsApp da Telegram, duk kuɗin data ne ke cin ribarsu. Ga kuma matasanmu da suka koyi aikin kwamfuta, waɗanda za su iya yi wa kamfanin Turai aiki daga Gusau a biya su da dala, amma dole su tattara su koma Abuja ko Legas don a can ne intanet yake tsayawa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a wannan zamani intanet na cikin ruwan cikin.

Wasu kuma daga cikinmu, masu zafin kishi, cewa suke gwamnati ta ba da umarni kawai a rage farashi. Ina fahimtar zafin. Amma mu faɗi gaskiya, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kayan aikin da ake sayowa da dala sun yi tsada, ga man dizal da ake kunna turaku da shi saboda rashin wuta. MTN na Najeriya da kansa ya bayyana asara a 2023 da 2024. Idan aka danne farashi da ƙarfin tsiya alhali kamfani biyu ne a kasuwa, za su rage inganci, su daina faɗaɗawa, kuma wuraren da za su fara janyewa namu ne, don nan ne ribar ta fi ƙanƙanta. Haka masu cewa jiha ta kafa nata kamfanin intanet ta riƙa sayarwa, su tuna NITEL. Aikin gwamnati shi ne ta gina kasuwar, ta tabbatar kowa ya samu rumfa a kan kuɗi ɗaya, ta tsare mudu. Birnin Stockholm na ƙasar Suwidin haka ya yi tun 1994: ya kafa kamfanin da ke shimfiɗa igiyar kawai yana ba kowa haya, 'yan kasuwa kuma su yi ta gasar sayar wa jama'a.

Don haka ga abin da nake kira ɓangarenmu ya sa a takardar da za mu miƙa wa duk mai neman goyon bayanmu.

Na farko, kuɗin izinin ratsa hanya ya zama doka ta majalisar jiha, kada ya wuce naira 145, in ma an yafe ya fi. Ofis ɗaya ne zai ba da izini, cikin adadin kwanakin da doka ta yanka, kuma duk wata hukuma ko ƙaramar hukuma da ta ƙara nata ta karya doka. Sanarwar gwamna tana tafiya da gwamnan, doka ce ke zama.

Na biyu, duk titin da jiha za ta gina ko ta gyara daga yanzu, a binne bututun igiya a gefensa tun ƙasa na buɗe. Haƙa ita ce mafi tsada a aikin faiba, bututu kuwa ɗan kaɗan ne a kuɗin titi. Bututun ya zama na jiha, a ba kowane kamfani haya a kan farashi ɗaya da aka wallafa. Ɗan kwangilar da ya tsinke igiya kuma a cire kuɗin gyara daga kuɗinsa.

Na uku, kada a damƙa wa kamfani ɗaya gari ko rukunin gidajen gwamnati ko jami'a a ce shi kaɗai zai yi aiki a ciki. Gwamnatin jiha babbar mai saye ce, tana da sakatariya da asibitoci da makarantu a kowace ƙaramar hukuma. Ta yi amfani da wannan: a tallata kwangilar a fili, a raba ta shiyya-shiyya yadda ƙananan kamfanoni za su iya shiga, kuma a sa sharaɗin duk wanda ya kai igiya babban asibiti sai ya buɗe wa unguwannin da ke kewaye. Mu sa ido sosai a nan, domin nan ne ake shigo da kamfanin ɗan uwan wani a rufe ƙofa.

Na huɗu na 'yan majalisar tarayya ne. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun kai sadarwa ga yankunan da kamfanoni ba sa zuwa, wato USPF. Wakilanmu su tambaya a zauren majalisa, nawa aka kashe a mazaɓunsu, a ina, kuma yana aiki ko ya mutu. Su kuma nemi a sauƙaƙa lasisi ga matasan da ke son rarraba intanet a unguwa ko a kasuwa, yadda za su yi sana'arsu a fili da kariyar doka.

Na biyar shi ne mudu. Idan kamfani ya ce intanet ɗinsa ba shi da iyaka, ya rubuta da manyan baƙaƙe inda gudun zai ragu, da Hausa ma. Rautar da mutum ya saya da kuɗinsa, bayan wani lokaci a buɗe ta ta karɓi kowane sim, domin rauta a kulle igiya ce a ƙafar mai saye. NCC ta riƙa wallafa ainihin gudun kowane kamfani a kowace ƙaramar hukuma. Hukumar kare masu saye da sa ido kan gasa, FCCPC, ita ma tana da hurumi a nan. Kafin a kai ga wannan, ku riƙa amfani da abin da ke akwai: idan ka kai kuka ga kamfaninka ba a saurare ka ba, lambar NCC ta ƙorafi ita ce 622, kyauta ce.

Yanzu bari in juyo gare mu, 'yan soshiyal midiya na wannan tafiya. Mun san yadda ake yi. Lokacin zaɓe ya matso, a buɗe zaure, a tara lambobi, duk ƙarshen mako a turo kuɗin data. Wasu a ɗaya ɓangaren ma da wannan suke alfahari, wai suna kula da matasa. Ban ce kada ka karɓa ba, halin da ake ciki kowa ya sani. Amma ka lura, datar da aka turo maka ranar Juma'a kafin Laraba ta ƙare, kuɗin ya koma aljihun kamfanin nan guda da ba ka da zaɓin bari, kai kuma ka koma jiran wata Juma'ar. Wanda ke jin daɗin ganin ka a layin data ba zai yi gaggawar kawo abin da zai fitar da kai daga layin ba. Abin da ya raba mu da su tun farko shi ne mun ce siyasar manufa za mu yi. To ga wuri ɗaya da za mu nuna da gaske muke.

Duk ɗan takarar da ya zo neman mu, na gwamna ne ko na majalisa ko na ƙaramar hukuma, ko jam'iyyarmu ke mulki a jihar ko adawa muke, a yi masa tambaya ɗaya cikin ladabi a gaban jama'a: ranka ya daɗe, nawa jiharmu ke karɓa a kan kowace mitar faiba, kuma me za ka yi don kamfani uku ko huɗu su riƙa rububin ƙofar gidana? Idan ya san amsa, a ɗauka a bidiyo a ajiye, ranar tuni na zuwa. Idan bai sani ba, a ba shi mako biyu ya je ya tambayo. Ba a fafe gora ranar tafiya, yanzu da suke neman mu ne lokacin karɓar alƙawari a rubuce.

Shugabannin ɓangarenmu na ƙananan hukumomi, ina roƙon ku sa wannan batu a taronku na gaba, kowa ya zo da bayanin kamfani nawa ne ke da sabis ɗin kirki a mazaɓarsa. Mu haɗa wannan mu kai wa kwamitin tsara manufofi da hannunmu.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka, Ya zaunar da Arewa da Najeriya lafiya. Amin.